Jar Fitila Da Haƙƙin Mai Gargaɗi

Mutanen da ke zaune a gefen Kogin Kwara, tun daga ƙasar Shanga, a biyo ta Yelwa ta Yawuri, har a gangaro Wara ta ƙasar Ngaski, mutane ne da suka gaji karatun alama tun kaka da kakanni. Bagunge mai noman albasa a bakin ruwa ya san lokacin da farin ruwa ke zuwa da damina, ya kuma san lokacin baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini, ba ya isowa nan sai cikin hunturu. Basarke kuwa in ya ɗaga kai ya ga yadda hadari ya haɗo, ba ya jiran a ce masa ya juya da jirginsa gaɓa. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungu da garuruwa masu yawa, har da tsohuwar Busa, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu mazauni. Sai masu jirage suka ƙara wani karatun, watau na gane inda kututturan itatuwan da ruwa ya binne su ke, don kada jirgi ya hau su.

To, abin mamaki shi ne, jikokin waɗannan mutane, da sauran 'yan'uwansu ko'ina a ƙasar Hausa, in suka bar jirgi suka kama sitiyarin mota, sai a ga da yawansu sun yi watsi da wannan gado. A allon da ke gaban direba akwai wata 'yar jar fitila mai siffar da'ira, da alamar motsin rai a tsakiyarta. Ƙa'idarta ita ce ta kama sa'ad da aka murɗa makulli ko aka ja birkin hannu, ta kuma mutu da zarar injin ya tashi an saki birkin. Amma wanda ya saba shiga motar haya tsakanin Wara da Yelwa, ko daga Yelwa zuwa Kwantagora ko Jega, in ya zauna gidan gaba, ba wuya ya ga wannan fitila tana ci tun daga tasha har a sauka, ko kuwa ya ga an manna mata wani hoto don kada ta dami ido. Daga nan wata tambaya ta taso wadda ta fi ƙarfin makanikanci. Mene ne haƙƙin mai gargaɗi a kan wanda a ke yi wa gargaɗi? In kuwa mai gargaɗin ya taɓa yin ƙarya, ya halatta a toshe bakinsa?

Ba a yanke hukunci kan magana sai an san abin da ta ƙunsa, saboda haka ya kamata a fara da yadda birki ke aiki. In direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura wani ɗan fistin cikin tukunyar da makanikai ke kira masta, shi kuma ya matsa man birki cikin siraran bututai na ƙarfe da na roba har zuwa ƙafafun mota huɗu. Can man ya tura waɗansu 'yan ƙarafa masu kaushin fuska, waɗanda a ke kira fad ko shu, su matse ƙarfen da ke juyawa tare da taya, mota ta tsaya. Asalin wannan hikima wani masani na ƙasar Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana ta: in aka kulle ruwa aka matsa shi a wuri guda, matsin ya kan bazu ko'ina cikinsa daidai wa daida. Sharaɗin kuwa shi ne a kulle shi ɗin. In aka sami kafa ko da kamar ta allura, ko iska ta shiga bututu, sai ƙarfin ƙafa ya tafi a banza, domin iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa.

A motocin da, hanyar man guda ɗaya ce, in bututu ya fashe a ƙafa ɗaya sai birkin duk ƙafafu huɗu ya tafi nan take. Daga baya aka raba hanyar biyu, yadda in ɗaya ta zubar da manta, ɗayar za ta riƙe ƙafafu biyu. Dokar Amurka ta wajabta wannan ga ƙananan motoci daga 1968, shekarar nan da aka gama Kainji, sauran ƙasashe ma suka bi. Amma gyaran nan ya zo da wani sabon haɗari. Motar da rabin birkinta ya mutu tana iya tsayawa in tafiyar a hankali ce, har direba ya yi kwanaki bai san da rabi ya ke yawo ba. Don haka aka haɗa dokar da fitila. Watau tun asali an sa ta ne domin ta faɗi abin da ƙafa ba lalle ta ji ba, kuma abin da ido ba ya gani daga kan kujera.

Dalilan da ke sa ta ƙi mutuwa ba su da yawa, kuma mai hankali ya kan bi su ne daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na farko birkin hannu: ko ba a sake shi duka ba, ko ɗan makunnin da ke gindinsa ya maƙale saboda ƙura da tsatsa. Na biyu raguwar mai. A ƙarƙashin bonet akwai wata 'yar roba fara a kan masta, da layi biyu a jikinta, na sama da na ƙasa. A cikinta akwai wani ɗan abu mai iyo a kan man, kamar yadda gorar masunci ke iyo a kan ruwa, in man ya yi ƙasa sai ya sauka tare da shi ya kunna fitila. A nan ne wurin lura ya ke. Man birki ba a ƙona shi kamar fetur, ba ya kuma ƙarewa don kansa. In ya ragu, akwai inda ya tafi: ko dai fad ya cinye, man ya gangara ya cike gurbin da cin ya bari, ko kuwa yana ɗiga ta wani wuri, ta bakin bututu, ko ta robar da ta tsufa, ko ta bayan masta inda ba a gani.

Sauran dalilan su ne waɗannan. A waɗansu motoci akwai makunnin da ke auna matsin hanyoyin nan biyu, in ɗaya ta kasa ɗaya sai ya yi magana. A waɗansu kuma an sa 'yar waya a jikin fad, in ya cinye har ya kai gare ta sai ta kunna fitila. Akwai motocin Japan da in na'urar cajin batir ta daina aiki sai fitilar batir da ta birki su kama tare. Sa'an nan akwai ƙaryar fitilar kanta, sa'ad da ɗan abin nan mai iyo ya maƙale a ƙasa alhali mai na cike, ko wata waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota. Kada kuma a haɗa jar fitila da ƙanwarta rawaya mai haruffan ABS, ta na'urar hana taya cijewa, wadda irinta ta zamani ta fara fita kasuwa a motocin Jamus a 1978. In rawayar kaɗai ta kama, birki na nan, na'urar ce ta tsaya. In kuwa su biyu suka kama tare, wannan mota wurin ajiyewa ta ke bukata.

Daga wannan bayani mai karatu zai ga cewa fitilar ba ta faɗin abin da ya ɓaci. Iyakar maganarta ita ce akwai abin dubawa. Tana iya nufin ƙura ce ta shiga makunni, tana kuma iya nufin saura taki goma birki ya tafi, duk kuwa da launi ɗaya da haske ɗaya. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, amma sanin abin da ya tsamar da shi, sai wanda ya leƙa tulun.

A ɗauki misali. A ce ran kasuwar Wara ce, wani direba ya cika motarsa da fasinja, an ɗaura kwalayen busasshen kifi a sama, an danna buhuna a baya, za shi Yelwa. Kwana uku ke nan jar fitila tana kama masa. Ya aiki yaron mota ya sayo gwangwanin mai, ya buɗe bonet ya tsiyaya, fitila ta mutu, ya ce shi ke nan. Wani tsohon bakanike da ke zaune a inuwa kusa da tasha ya taso ya ce, "Ɗana, man da na ga ka zuba shekaranjiya fa, ina ya tafi?" Direba ya ce, "Baba, ai motar ta tsufa, sha ta ke yi." Tsoho ya ce, "Mota ba ta shan man birki." Ya durƙusa ya shafa cikin tayar baya, ya ɗago yatsunsa jiƙe da mai ya nuna masa. Direba ya yi shiru, ya dubi fasinja sun riga sun biya, 'yan kamasho sun karɓi nasu, mai mota kuma yana jiran balas da magariba. Ya ce, "Baba, bari in je in dawo, gobe da sassafe sai ka duba mini."

Ba a bukatar a san ko direban nan ya isa Yelwa lafiya kafin a auna aikinsa. In ya isa, mutane za su ce gwani ne, in kuwa ya faɗa rami da mutane, su ce azzalumi ne, alhali abin da ya sani da abin da ya zaɓa a tashar Wara guda ne ko ta wace fuska al'amarin ya ƙare. Sa'a ba ta wanke mai ganganci, kamar yadda rashin sa'a ba ya ɓata wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Wurin da ya kamata a tsaya a yi shari'a shi ne lokacin nan da tsoho ya ɗaga yatsunsa. Direban kuwa ba mahaukaci ba ne, yana da hujjoji, irin waɗanda a ke ji kullum a tashoshi, adalci kuma shi ne a saurare su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko ita ce fitilar maƙaryaciya ce. Wani zai ce ya taɓa kai mota gareji saboda ita, aka ɓata masa yini, aka tarar waya ce kawai. Wannan yana faruwa, ba shakka. Amma a dubi nauyin kuskuren biyu. Wanda ya gaskata fitila alhali ƙarya ta ke yi, ya yi hasarar rubu'in sa'a da 'yan kuɗi. Wanda ya ƙaryata ta alhali gaskiya ta ke faɗi, abin da zai yi hasara ba a sayo shi a kasuwa. Bayan haka, ba wanda ya isa ya kira ta maƙaryaciya sai wanda ya duba, domin sanin ƙaryar jiya ba ya zama shaida a kan maganar yau. In kuma an duba an tabbata ƙarya ta ke yi, abin da ya wajaba shi ne a gyara ta. Fitilar da ke ci dare da rana daidai ta ke da wadda babu, domin ran da gaskiyar ta zo ba ta da wani sabon haske da za ta ƙara, idon direba kuwa ya riga ya daina ganinta. Ga inda maganar nan ta sabo turken wawa ta sami wurin zama.

Hujja ta biyu ita ce birki yana ci, an taka an ji. Amma tsayawar da a ke yi a bakin tasha ko a shingen hukuma ba ita ce jarrabawar birki ba. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, in kuma aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata ta kan ninku sau huɗu. A ƙara da lodin da ya wuce ƙa'ida, a ƙara da rabin birki. Akwai kuma wani abin da ƙafa ba ta ji da safe. Man birki yana jan danshi daga iska a hankali, ƙasar bakin ruwa kuwa ba ta rasa danshi. Irin man da aka rubuta wa DOT 3, ƙa'idarsa in sabo ne kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Salshiyas, amma in ya sha ruwa ƙa'idar ta kan sauko har 140. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sake shi wajen kowace shekara biyu. In birki ya yi zafi a gangare man ya tafasa, sai tururi ya cika bututu, ƙafa ta tafi ƙasa ba abin da ya tare ta. Ran jarrabawa ita ce ran da garken shanu ya ɓullo daga daji ya tsallaka hanya, ko yaro ya biyo akuya da gudu, ko a gangaren da ke sauka bakin ruwa. Wannan rana ba ta aiko da manzo ba.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, ita ce ta talauci, kuma wanda ya raina ta bai san halin da direban haya ke ciki ba. Motar sau da yawa ba tasa ba ce. Kayan gyara sun yi tsada, na kirki ma wani lokaci sai an aika birni. Yinin da mota ta yi a gareji, yini ne da gidansa ba a ɗora tukunya ba. Gaskiya ne kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mai motar da ke karɓar balas kullum, ba ya ware ranar gyara, yana da kaso. Bakaniken da aka ba kuɗi ya yanke waya don fitila ta yi shiru yana da kaso, nasa ma ya fi muni domin ya san abin da ya ke yi. Haka mai sayar da jabun mai, haka wanda ya koya wa yara cewa ruwan sabulu yana tsayawa a madadin man birki, alhali tsatsa ya ke haifarwa, ga saurin tafasa, kamar yadda baƙin mai in ya shiga ya ke kumbura robobin birki ya lalata su.

Duk da haka talauci bai kai ya zama uzuri a nan ba, saboda dalili biyu. Na ɗaya, farkon binciken kyauta ne. Sakin birkin hannu sosai, da duban layin mai, da shafa cikin tayoyi, da leƙa ƙasa inda mota ta kwana, da taka birki a riƙe na rabin minti a ga ko ƙafa tana nutsewa a hankali, duk ba wanda ke cin ko sisi. Na biyu kuwa shi ne gindin maganar duka. Fitilar nan fuskar mutum ɗaya ta ke kallo. Tsohuwar da ke kujerar baya da ƙullin kuɗin kifinta ba ta ganinta, ɗan makarantar da ke tafe a gefen hanya ma ba ya ganinta. Sun ba da kuɗinsu ko sun taka hanyarsu bisa zaton cewa wanda ya ga abin da ba su gani ba zai yi aiki da shi. Sanin da mutum ɗaya ya riƙe a madadin mutane da yawa, shi ne a ke kira amana. Talaka yana da ikon ya haƙura da tsagaggen gilashi da yagaggiyar kujera, yana ma iya kasada da abin da ke nasa. Amma rayukan da ke bayansa ba nasa ba ne, yawancinsu kuma sun fi shi talauci. Ga wata tambaya da za ta raba gardama: da zai iya juyawa ya ce wa fasinja, jama'a, man birki yana zuba, amma mu tafi? In ya san ba zai iya faɗi ba domin za su sauka, to, ya san da rashin saninsu ya ke cin abinci.

Hujja ta huɗu gajeriya ce, amsarta ma haka. A kan ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Malamai sun daɗe da bayyana cewa dogaro ga Allah ba ya hana riƙon sababi, kuma mai faɗin wannan magana a kan birki ba ya faɗinta a kan fetur. Ba a taɓa ganin ya bar tasha da busasshen tanki yana cewa in an ƙaddara zai isa ba.

In aka lura, masu saɓa wa fitila hawa-hawa ne. Akwai wanda ya gan ta ya kau da kai, shi sakaci ya yi. Akwai wanda ke ƙara mai kullum ba ya tambayar inda na jiya ya tafi, shi kamar mai ba maigadi goro ne don ya daina kiran ɓarawo, ɓarawon kuwa yana cikin gida. Ko da cin fad ne ya rage man, cikawar ta ɓoye masa labarin cin, sai ran da ƙarfe ya fara gogar ƙarfe. Akwai mai manna hoto, wanda ya yaudari idonsa da na wanda ya zauna kusa da shi. Na ƙarshe shi ne wanda ya cire ƙwan fitilar ɗungum. Wannan ya kashe gargaɗin yau da na gobe gaba ɗaya, in kuma ya sayar da motar, ya miƙa makantar ga wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Saboda haka mai sayen tsohuwar mota, ko 'yar Kwatano ce ko ta gida, ya kamata ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba, ya ja birkin hannu, ya ga ko jar fitila ta kama. Wadda ba ta kamawa sam ta fi wadda ba ta mutuwa ban tsoro.

Mutanen Ngaski ba su bukatar a kawo musu misali daga nesa kan abin da raina alama ke jawowa. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa na katako ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150, za shi Wara, ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Kaɗan ne suka tsira, hukuma kuma ta ce lodi ya yi masa yawa. Jirgi ba shi da jar fitila, amma yana da tasa alama, watau yadda bakinsa ke kusantar ruwa in an cika shi, da yadda katakonsa ke tsufa. Irin wannan alama a fili ta ke, sai dai a mota da jirgi duka, abin da aka yi jiya aka kwana lafiya shi ke ba mutane ƙarfin halin sake yi yau. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, akwai kuma ma'aikatan duba lafiyar motoci na jihohi, aikinsu yana da amfani ƙwarai. Amma ba hukumar da za ta iya zaunar da ma'aikaci a gefen kowane direba, saboda haka rabin dokar a zuciyar mai tuƙi ta ke.

Wannan hali bai tsaya ga mota ba. Kowane gida da kowace ma'aikata da kowane gari suna da jar fitilarsu. Akwai akawun da ya ce lissafi bai daidaita ba, da malamin asibitin da ya ce jinin maigida ya hau alhali maigida ba ya jin ciwon komai, da dattijon unguwa da ya ce bangon makaranta ya tsage. Su ma irin amsar da a ke ba fitila a ke ba su. Wani a kau da kai daga gare shi, wani a toshe bakinsa da alheri, wani a ɗauke shi daga wurin gaba ɗaya don a huta da ganinsa, sa'an nan a ce lafiya ta samu domin ba mai magana. Alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shugaban da ya kori masu faɗa masa abin da ba ya so, ya zauna da masu cewa komai lafiya, daidai ya ke da direban da ya cire ƙwan fitila, mutanen da ke bayansa kuwa sun fi cikin mota yawa.

Mai gargaɗi shi ma akwai haƙƙi a kansa. Wanda kullum bakinsa ba ya rabuwa da kuka, ƙaramin abu da babba duk murya ɗaya, shi da kansa ya ke koya wa mutane su daina jinsa. Wajibinsa ne ya tabbatar kafin ya yi magana, ya kuma yi shiru in an gyara, domin shirunsa ya zama labari kamar yadda maganarsa ta ke labari. Darajar jar fitila ai daga mutuwarta ta ke, ran da ta kama kowa ya san ba banza ba.

Amsar tambayar farko ke nan. Haƙƙin mai gargaɗi ba shi ne a yi masa biyayya ido rufe ba, domin yana iya kuskure. Haƙƙinsa shi ne a tsaya a bincika, tun daga abu mai sauƙi har a kai ga tushe. In gaskiya ya faɗa a gyara abin da ya ɓaci, in kuskure ya yi a gyara shi shi kansa, ba a kuwa toshe bakinsa ko ta yaya, balle in waɗansu ne za su biya kuɗin shirun. Direban da ya sauke fasinjansa a tashar Wara ya mayar musu da kuɗinsu, ya sa aka ɗaga mota a jak, zai sha gunaguni, ya rasa cinikin yini, wataƙila ma mai mota ya yi masa faɗa, ba kuma wanda zai zo ya gode masa, domin haɗarin da bai auku ba ba shi da shaidu. Amma ya yi abin da kakanninsa ke yi in sun ga hadari ya haɗo a kan Kwara, suka juya gaɓa da rabin kamu. Su ne suka bar wa na baya maganar nan cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira.